Kwantena Goma Sha Ɗaya a Semarang

Ƙarfe uku na rana a nan, su can hantsi ne.
Allo ya buɗe, fuskoki huɗu suka leƙo daga Rotterdam,
kowa da kofinsa yana tururi.
"Retno, ina alƙaluman wannan wata?"
Alƙaluma na bakin teku, yallaɓai,
a kulle cikin kwantena goma sha ɗaya,
ruwa ya hau titi tun asuba,
ya kai wa Sutarjo direba gwiwa.

Sun shafe ƙasata da launi guda a taswira,
suka ce: ga mutane kamar ƙasa,
kowa da kai, kowane kai da gashi,
kowane gashi yana jiran sabulunmu.
Kallon kitse suke wa rogo.
Taswira ba ta jiƙa.
Ba ta san tsibirin da jirgi ke zuwa sau ɗaya a mako ba,
ba ta san jami'in kwastan mai sanyin murya
da ya juya takardata sau biyu
ya ce hatimin ya karkace, a sako wata.

Bara na shiga lungun Bu Lasmi,
shagon da bai fi tabarma biyu ba.
Babbar kwalbarmu na can saman kanta
tun azumin da ya wuce, ba wanda ya tanka mata.
Ta ce, "'Yata, mai keken haya da ya samu na yau
ba ya sayen wankan wata guda.
Yanka mini shi ƙanana,
yadda nake yanka tempe."

Na ɗauki maganar na kai wa allo.
Joost ya cire tabarau, ya ce ribar ba ta kai ta kawo ba.
Na ce da yayyafi kogi kan cika.
Wata shida muna ja, kafin su ce a gwada.
Aka gwada.
Yau ƙananan ledojinmu na rataye a kowace rumfa,
jere kamar kifin da aka shanya,
sunana ya shiga rahoton shekara, shafi na tara.

Daren Laraba rupiya ta zame,
abin da na tara da cokali
canji ya kwashe da ludayi.
Da safe ma'aikata suka tsaya a ƙofata,
suna neman kuɗin Sallah da wuri,
kowa zai tafi ƙauye ya sumbaci hannun uwa.
Rotterdam ta tambaya: injin zai kwana bakwai a kashe?
Na rasa layin da zan rubuta uwa
a cikin jadawalinsu.

Tsakanin bakuna biyu nake zaune,
ina fassara fushi ya zama "ana dubawa",
ina fassara "gobe" ta zama kwanan wata.

Da allo ya mutu na naɗe ƙafar wando,
na bi Sutarjo mu ga inda ruwa ya tsaya.
A bakin magudanar da ta toshe
wani yaro yana tono da sanda,
abin da yake fitarwa kore ne, yana ƙyalli.
Na sunkuya.
Tambarinmu ne.
Ɗari, dubu, an yage musu kunne an matse,
sun taru sun riƙe wa ruwa maƙogwaro.
Kogin da na ce zai cika, ga shi ya cika.

Sutarjo bai ce komai ba,
ya kunna taba mai ƙanshin kanumfari.
Na ɗauki leda guda, na goge ta a riga,
na sa a aljihu.
Gobe ƙarfe uku allo zai buɗe.
Ban san da wane harshe zan ɗaga ta ba.